Gyaran Bututun Hayaƙi A Ƙasashen Sanyi

A Ingila da Amurka, inda ake hura itace cikin murhun ƙarfe don jin ɗumi, magidanta da dama kan gyara bututun hayaƙinsu da kansu. Dalili kuwa, tsohon bututun tubali yakan tsattsage, ga shi da faɗi ainun. Hayaƙi sai ya huce a ciki, ya bar kunkunniya mai danƙo kamar kwalta. Ran da ta kama wuta, gida na iya ƙonewa ƙurmus.

Maganin abin, a share bututun tas, a naɗe wani na ƙarfe marar tsatsa, galibi mai faɗin inci 6, da abin tsare zafi, sa'an nan a zura shi daga sama har murhu. Amma muna gargaɗi, kada a hura wuta sai gwani ya duba aikin.