Labarin Malamai Biyu Masu Koya wa 'Yan Makaranta Kiɗan Taro a Ƙasashen Turai

Ku sani a ƙasashen Turawa akwai wata malanta wadda ba mu saba jin labarinta ba, watau koya wa 'yan makaranta kiɗan taro. Tun da fari ina roƙon almajiran ilmi kada su zaci fatawa na zo bayarwa. Hukuncin kiɗa yana nan cikin littattafai tare da saɓanin da ke kansa, kowa ya san inda zai nema. Abin da ya ja hankalina shi ne malamin da kansa: daga ina ya fito, me ya kai shi gaban yara, wa ke biyansa, yaya kuma ƙarshensa ya kasance. Wanda ya yi shekara 30 yana biya wa yara karatu ba zai ƙi jin yadda wani ya ƙare da nasa yaran ba, ko da darasin ya bambanta.

Shi wannan taro, wanda suke kira okestira, makaɗa ne masu yawa a wuri guda. Mafi yawansu masu goge ne, gogen kuwa iri huɗu ne, tun daga ƙarami wanda ake ɗorawa a kafaɗa har babba wanda ya kai tsawon mutum. Sa'an nan ga masu sarewa, da masu busa wani abu mai kama da algaita, da masu ƙahonin tagulla, da mai tambura. Kowa da takardarsa a gaba, an rubuta masa rabonsa da alamomi, malam kuwa yana tsaye da 'yar sanda yana nuna lokacin shiga da na tsayawa. To, ga inda wahalar take. A makarantar allo yaro 60 suna iya karatu a zaure ɗaya, kowa da inda allonsa ya tsaya, wannan na gaba, wancan na baya, babu mai ɓata wa wani. A can kuwa tilas su tashi tare, su sauka tare. In yaro ɗaya ya makara gwargwadon ƙiftawar ido, kowa ya ji. Saboda haka malamin ba shi da ikon ya ce da mai rauni ya koma gefe ya jira.

A yau hanyar shiga wannan aiki a share take. A Amurka mutum yakan yi wajen shekara 4 a jami'a, ya ƙware a abin kiɗa ɗaya, ya ɗanɗana sauran, ya yi koyarwar gwaji a ƙarƙashin wani tsohon malami, kāna jiharsa ta ba shi takardar izni. A Ingila kuwa da yawansu masu yawo ne, yau suna wannan makaranta, gobe waccan. Amma waɗanda suka share hanyar ba ta nan suka shigo ba. Biyun da zan ba ku labarinsu, kowannensu wata ƙofa ce ta rufe masa, kāna ya juyo ga yara.

Na farko shi ne Antonio Vivaldi, mutumin birnin Benis a ƙasar Italiya, birnin nan na fatake da ke bisa ruwa, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya. An haife shi a 1678. Ubansa wanzami ne wanda ya koma mai goge, a wurinsa kuma yaron ya koya. Aka sa shi karatun addininsu, ya zama fada a 1703, amma ciwon ƙirji ya hana shi jagorancin ibada, ba da daɗewa ba aka ɗauke masa. A cikin wannan shekara ta 1703 aka ɗauke shi malamin goge a wani gidan marayu da 'ya'yan tsintuwa da ake kira Piyeta, a kan dukat 60 a shekara, kuɗin ƙasar na wancan zamani.

Wannan gida tun 1346 yake. A jikin bangonsa akwai wata 'yar taga inda uwar da ta rasa yadda za ta yi takan ajiye jariri ta tafi. 'Ya'ya maza a koya musu sana'a su fita, mata kuwa su zauna, a zaɓi masu basira a cikinsu a koya musu waƙa da kiɗa. Sukan yi kiɗansu daga bene, a bayan shingen ƙarfe, ana jin su ba a ganin fuskokinsu sosai, baƙi kuma na zuwa daga ƙasashe masu nisa domin saurare, suna ba gidan kuɗi. Manyan 'yan matan su ke koya wa ƙanana, kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo. Aikin Vivaldi shi ne koyarwa, da sayen goge, da kula da tsirkiya.

Ya ku fatake, ku saurari sharaɗin aikinsa. Kowace shekara dattawan da ke riƙe da gidan sukan zauna su jefa ƙuri'a a kan malami, ko a riƙe shi ko a sallame shi. A 1709 aka jefa, 7 suka ce ya tafi, 6 suka ce ya zauna, ya tafi. Mutumin da a yau ake jin kiɗansa a ko'ina cikin duniya, ƙuri'a ɗaya ta raba shi da abincinsa. A 1711 suka dawo da shi, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, a 1716 kuma suka ɗora shi a kan kiɗan taron gaba ɗaya. Ni dai a ganina malamin da yake kwana bai san ko baɗi yana nan ba, da wuya ya shuka abin da sai bayan shekara 10 yake nuna. Mu da muka rayu a kan kuɗin laraba mun san ɗacin wannan, ko da yake mu iyaye ba su taɓa taruwa su jefa mana ƙuri'a ba, sai dai su janye yaro a ɓoye.

Abin da ya fi kyau a aikinsa shi ne bai tsaya ga koyar da abin da ya tarar ba. Shi ke tsara wa 'yan matan kiɗan da za su yi, gwargwadon hannun kowace. Daga 1723 gidan ya ƙulla da shi ya riƙa kawo sabon kiɗa biyu kowane wata, kowanne a kan zinariya ɗaya, ko yana gari ko yana tafiya, littattafan lissafin gidan kuma sun nuna an biya shi kuɗin guda 140 cikin shekara 10. Akwai wata almajirarsa, Anna Mariya, wadda ba ta da sunan uba sai sunan gidan. Ya tsara fiye da guda 20 da sunanta, ita ma daga baya ta zama malama a nan, ta zauna har mutuwarta a 1782. Shi kuwa malamin, da yayinsa ya wuce a Benis, sai ya tafi Biyana a 1740 yana fatan samun wuri wajen sarki. Sarkin ya mutu cikin wannan shekara, shi ma ya mutu a 1741, baƙo, matalauci.

Na biyu mutumin Ingila ne, Gustav Holst, kusan shekara 200 bayan na farko. An haife shi a 1874 a garin Celtinham, a gidan da kaka da uba duk malaman kiɗa ne. Uban ya so ya zama gwanin fiyano, sai ciwon jijiya ya kama hannunsa na dama tun yana yaro, ga asma, ga raunin ido. Da ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Landan a 1893, da kuɗin da ubansa ya ranto, sai ya zamana hannun ba zai ɗauki fiyano ba, ya koma ga busa wani kakakin tagulla mai zarewa. Da shi ya ci abinci shekaru, yana busa a gidajen wasa da garuruwan bakin teku. Niyyarsa ita ce ya zauna ya tsara kiɗa, amma da ya gwada, ga aure ya yi a 1901, sai ya tarar takarda ba ta cika tukunya.

A 1903 ya karɓi koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Landan. A 1905 aka ba shi shugabancin kiɗa a makarantar 'yan mata ta Sen Pol, a unguwar Hamasmit, inda ya zauna shekara 29, har mutuwarsa. A 1907 ya ƙara da kwalejin Moli, inda ma'aikata ke zuwa karatun dare bayan sun tashi daga aiki. Watau makaranta ɗaya ba ta isa ta riƙe shi ba, sai ya haɗa uku yana zagayawa. Nasa tsare-tsaren kuwa sai ranar hutun mako da lokacin da makarantu ke rufe.

Da ya isa kwalejin nan ta ma'aikata ya tarar an saba da sauƙi, sai ya tsananta, ɗalibai da yawa suka gudu. Bai sassauta darasi ba, bai kuma kori kowa don rashin iyawa ba, a hankali wasu suka maye gurbin waɗanda suka tafi. Ga abin da zai daɗaɗa wa marubutanmu masu alƙalami da tawada. Akwai wani babban aiki na wani tsohon gwaninsu, Henry Purcell, wanda littafinsa ya ɓace bayan mutuwarsa a 1695, ba a gano shi ba sai bayan shekara 200 da 'yan kai. Holst ya so ɗalibansa su fito da shi, amma babu rabon kowane makaɗi a rubuce. Sai ɗalibai 28 suka zauna suka kwafe shafi 1,500 da hannu, a lokacin hutunsu, kusan wata 18, har suka yi shi a gaban jama'a a 1911. Duk wanda ya taɓa kwafe littafi da fitilar aci-balbal ya san mutum ba ya yi wa malamin da ba ya ƙauna irin wannan wahala.

Hanyarsa ita ce yaro ya koyi abu da yinsa. Ba ya jira sai ɗaliba ta haddace ƙa'idodi kafin ya sa ta tsara ɗan abin da 'yan ajinsu za su rera. A 1913 makarantar Sen Pol ta gina sashen kiɗa, ta keɓe masa ɗaki wanda ƙara ba ta shiga. Ya yi godiya da tsara wa 'yan matan wani kiɗa mai sunan makarantar. Na masu goge ne kaɗai a asali, amma da yake akwai ɗalibai masu busa, sai ya ƙara musu nasu rabon don kada su zauna suna kallo. A nan na ga halin malami, domin mai neman suna kawai ba zai taɓa aikin da ya riga ya gama ba saboda 'yan yaran da aka bari a baya.

Bari in ɗan ratse. A 1908 likita ya ce ya tafi ƙasa mai zafi ya huta, ya je Aljeriya, ya yi yawo a kan keke. A can ya ji wani mai sarewa yana maimaita 'yar gajeruwar busa guda ɗaya fiye da sa'a 2 bai gaji ba. Ya koma gida ya sa ta cikin wani kiɗansa, yana maimaita ta, wasu mutanen Landan suka yi tsaki. Da sun taɓa kwana kusa da gidan sarki ranar jajibirin salla, da ba su yi mamaki ba.

A cikin ɗakin nan na makaranta ya tsara aikin da ya ɗaukaka sunansa, mai kashi 7 da sunayen taurari masu tafiya, su Marriku da Zahara da Mushtari, wanda ya fara a 1914. Hannun ba ya barin shi ya yi rubutu mai yawa, saboda haka malamai mata biyu abokan aikinsa da wata tsohuwar ɗalibarsa, Jane Joseph, suka zama masu rubuta masa. Da za a yi shi karon farko a 1918, 'yan matan makarantar suka taya kwafe takardun makaɗa, suka kuma yi amshi a kashin ƙarshe. Suna ya zo masa, 'yan jarida suka biyo shi, shi kuwa bai so ba, bai kuma bar aji ba. Ya ajiye kwalejin ma'aikata a 1924 bayan ya faɗo daga dandamali ya bugu a ka, amma ya riƙe 'yan matansa. 'Yarsa tilo, Imogen, a makarantar ta yi karatu, ita ma ta zama malamar kiɗa.

A 1933 ciwon ciki ya kwantar da shi a asibiti. Daga kan gadon ya tsara wani ɗan gajeren kiɗa, ba don manyan gwanaye ba, ba ma don manyan ɗaliban makarantar ba, sai don taron ƙananansu, waɗanda hannunsu bai gama sabawa da goge ba. Ya so ya ba su abin da za su iya ɗauka, wanda kuma ba na wasan yara ba ne. Ya sa masa sunan filin da ke gaban makarantar. A watan Maris na 1934 yaran suka yi shi a makaranta, ya zo ya zauna ya saurara, shi ne kuma taron kiɗa na ƙarshe da ya halarta. Aka yi masa aiki a watan Mayu, ya mutu ranar 25 ga watan, yana da shekara 59.