Baƙin da ke Tumbin Sauro

Malamai kan ba da labarin Lamarudu, sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim (AS), cewa sauro ɗaya ne ya shiga ta hancinsa ya hana shi sakat har ajali ya cim masa. Alƙur'ani ma ya ambaci sauro a aya ta 26 ta Suratul Baƙara a matsayin abin buga misali. Bahaushe ya taƙaita darasin: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. To, shi ma sauron akwai waɗanda suka fi shi ƙanƙanta da ke juya shi. Su ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a tumbinsa, kuma suna da hannu wajen yanke hukuncin ko cizonsa zai tsaya a ƙaiƙayi ko zai kwantar da mutum.

Da farko, namijin sauro ba ruwansa da jininmu. Ruwan furanni da na 'ya'yan itace yake sha har ya mutu. Macen ce ke cizo, ita ma don ƙwanta ya nuna. Idan ta zuƙi jinin mai zazzaɓi, ƙwayar maleriya ba ta wucewa kai tsaye zuwa jikin wani. Sai ta yada zango a tumbi, ta huda bangonsa, ta hayayyafa, sannan 'ya'yanta su gangara zuwa miyau, tafiyar da kan ci kwana goma zuwa mako biyu. A bangon tumbin nan ne likitan Ingila Ronald Ross ya hango ta a Indiya ranar 20 ga Agusta, 1897, abin da ya sa ake kiran wannan rana Ranar Sauro ta Duniya. Dubban ƙwayoyi kan shiga tare da jini, amma ƙalilan ke tsallake bangon. Daga cikin masu tare musu hanya akwai bakteriyar da suka tarar a gidan. Lallai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Daga ina waɗannan baƙi, wato bakteriya, suke zuwa? Ruwa ne mafari. Kowane sauro da ruwan da yake so. Anofilis mai kawo maleriya ya fi son ɗan ruwan da rana ke duka, kamar sawun kofaton shanu bayan ruwan sama, ko gefen kududdufi, ko fadamar shinkafa. Kyuleks mai kukan dare a birni ya fi son kwata da ramin bayan gida. Edis mai ratsin fari a ƙafa, wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, randa da tsohuwar taya yake nema. Tsutsar sauro tace ruwan take yi tana haɗiye duk abin da ke ciki, har da bakteriya. A 2014 masu bincike a Jami'ar Jojiya ta Amurka suka raini tsutsotsi da abincin da aka saba ba su, amma a ruwan da aka kashe duk wata ƙwaya da ke cikinsa. Tsutsotsin suka maƙale a matakin farko na girma. Da aka zuba musu bakteriya sai suka ci gaba. Lokacin da tsutsa za ta rikiɗe ta yi fiffike takan zubar da mafi yawan abin da ke cikinta, amma kaɗan na tsira, kuma sabon sauro kan kurɓi ruwan da ya fito daga cikinsa kafin ya tashi.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wani bincike da aka wallafa a 2012 kan sauron Kamaru ya nuna cewa waɗanda aka ɗebo daga ruwa daban-daban sun girma da bakteriya daban-daban, kuma waɗanda wani dangin bakteriya ya yi wa yawa sun fi kamuwa da maleriya. Shekara ɗaya kafin nan, masana a Jami'ar Johns Hopkins sun samo wata bakteriya daga wannan dangin a cikin sauron Zambiya, wadda ke fitar da sinadarin da ke kashe ƙwayar maleriya kafin ta taɓa bangon tumbi. Dangi ɗaya, hali daban.

Bayan ruwa sai abinci. Mace ma takan sha ruwan fure don samun kuzarin tashi, kuma a furanni ake samun bakteriyar Asaia mai son zaƙi, wadda kan zauna a tumbin sauro har uwa ta gadar wa 'ya'yanta. Amma jini shi ne mai hargitsa gida. Cikin kwana ɗaya da cizo, yawan bakteriya kan ninka sau ɗari ko fiye. Masu jure zafin narkewar jini su mamaye wuri, sauran su ja baya. Wannan cunkoso kan tayar da garkuwar jikin sauro, kuma bulalar da ta ɗauko don bakteriya takan sauka a kan ƙwayar maleriya. A 2009 an gwada wanke cikin sauro da maganin kashe bakteriya, sai aka ga maleriya ta fi samun gindin zama.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Abin da ke jininmu yana shiga cikin sauro. A 2015 masana daga Landan tare da abokan aikinsu a Burkina Faso suka ba sauro jinin da ke ɗauke da maleriya wanda aka sa wa fenisilin da wani maganin kashe bakteriya. Bakteriyar tumbi ta ragu, sauron ya fi kamuwa, ya fi daɗewa a duniya, ya kuma fi zuba ƙwai. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba kowane magani ke yin haka ba, akwai wanda ya rage cutar a jikin sauro. Duk da haka, mu da ciwon kai kaɗan ke kai mu kemis a ƙirga mana kafso ba tare da ganin likita ba, ya kamata mu tuna ana iya rasa ido garin neman gira. Zafin yanayi, shekarun sauro da maganin feshi su ma suna canza mazauna tumbin. An ga sauron da ya daina jin magani yana ɗauke da bakteriya dabam da ta wanda magani ke kashewa.

Wani lokaci ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. A ɗakin binciken kamfanin GSK da ke Sifen, ma'aikata suka lura sauron da suke kiwo ya daina kamuwa da maleriya. Da aka bi diddigi sai aka gano bakteriyar Delftia ce ta shige shi, tana fitar da sinadarin da ke tsayar da ƙwayar tun a tumbi. An wallafa sakamakon a 2023, bayan gwaji a wani killataccen fili a Burkina Faso. Fatan shi ne wata rana a riƙa ajiye wa sauro ruwan sukari mai wannan ƙwaya ya sha da kansa.

Kafin ranar ta zo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, Nijar ma tana sahun gaba. Hayaƙin ɓawon lemo da igiyar leƙo na iya korar sauro na ɗan lokaci, amma rigakafi ya fi magani. A cike ramukan da ke tara ruwa, a yashe kwata, a rufe randa, a kwana cikin gidan sauro. Idan zazzaɓi ya zo a je a yi gwaji, kuma kada a sha kafso sai likita ya rubuta.