Sule ko Shehu, wa zai zo farko? Abin da sabunta ƙunshi ɗaya ke iya yi wa jerin sunaye

Idan aka ce ka jera sunaye bisa tsarin haruffan Hausa, Dutse ce za ta riga Ɗambatta, domin sai an gama da duk kalmomin da suka fara da d kafin a shiga ɗ. Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne Sule yana riga Shehu, saboda "sh" harafi guda ne mai zaman kansa da ke biye da s. Haka ma "ts" bayan t. To, ina kwamfuta ta koyi wannan?

Yawancin manhajoji ba su san komai game da Hausa ba. Aro suke yi daga wata 'yar manhaja da masu rubuta manhaja ke kira laburare. Ɗauke ta kamar injin niƙan unguwa: babu gidan da ya sayi nasa, kowa can yake kai hatsinsa. A tsarin Linux irin su Debian da Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma kowa na iya duba yadda aka gina su, injina biyu ne ke yin wannan aiki. Ɗaya glibc, mai ɗauke da tsarin Hausar Najeriya da ake kira ha_NG. Ɗayan kuma ICU, wanda ke samun ƙa'idojinsa daga taskar bayanan harsuna ta ƙungiyar Unicode. LibreOffice na dogaro da ICU, rumbun bayanai na PostgreSQL na iya amfani da kowanne cikinsu, wayoyin Android ma suna ɗauke da ICU.

Shi ICU, duk babbar fitowa da ya yi sai lambarsa ta canza, kuma manhajar da aka gina a kan tsohuwar lamba ba ta hawa sabuwa kai tsaye. Debian 11 ta 2021 ta zo da ICU 67, Debian 12 ta 2023 da 72, Debian 13 ta 2025 da 76. Kowane tsalle daga cikin waɗannan aiki ne na makonni. Mai kula da ƙunshin yakan nemi izinin tawagar da ke tsara fitowar Debian, ya ɗora sabon a sashen da ake kira sid, sannan a sake gina duk manhajojin da ke jingine da shi, ɗaya bayan ɗaya, a kan kowane irin injin kwamfuta. In guda ta ƙi ginuwa, tana iya riƙe sauran. Aiki ne mai gajiyarwa, amma matsalarsa a fili take: abu ya karye, kowa ya gani, an gyara.

Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ba ta ƙara. A watan Agusta na 2018 aka fitar da glibc 2.28, inda aka sabunta ƙa'idojin jera rubutu gaba ɗaya bayan shekaru da yawa ba a taɓa su sosai ba. Babu manhajar da ta ƙi tashi. Sai dai jeri ya sauya, musamman inda akwai alamomin rubutu. Misalin da aka fi bayarwa shi ne "11" da "1-1": a da 11 ke gaba, bayan sabuntawa 1-1 ya koma gaba. Wannan canji ya iso hannun jama'a ta Ubuntu 18.10 da Debian 10 ta Yulin 2019.

Za ka ce to mene ne a ciki? Ga inda gizo ke saƙar. Rumbun bayanai ba ya karanta sunaye dubu hamsin daga farko duk lokacin da ka nemi guda. Yana da fihirisa, wato jerin da ya riga ya tsara ya adana. Yadda kake neman kalma a ƙamus haka yake yi: ya buɗe tsakiya, ya kwatanta, ya ce abin da nake nema yana gaba ko yana baya, ya sake rabawa biyu. Idan an tsara fihirisar da tsohuwar ƙa'ida, ana kuma bincike da sabuwa, a wata mararraba zai juya dama alhali sunan na hagu. Sai ya dawo ya ce babu. Sunan kuwa yana nan daram.

A ɗauka wata ƙungiyar manoma a Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, tana ajiye rijistar masu karɓar taki a irin wannan rumbu. Sunayenmu cike suke da alamar nan ta sama: Sa'adu, Rabi'u, Nafi'u, Sa'adatu. Lambobin rijista kuma sukan zo da ɗan layi a tsakiya. Daidai irin rubutun da canjin ya fi shafa kenan. Bayan an sabunta tsarin, manomi zai iya zuwa a ce ba a ga sunansa ba. Magatakarda ya sake shigar da shi, rumbun da ya kamata ya hana maimaici ya karɓa, tunda shi ma bai ga na farkon ba. Yanzu mutum ɗaya yana da buhu biyu a takarda, kuma ranar da aka gano, magatakardan za a fara zargi, ba glibc ba.

Maganin ba shi da wuya in an sani: bayan sabunta tsarin, a sake gina duk fihirisar da ta shafi rubutu da umarnin REINDEX, kafin a bar kowa ya shigar da sabon abu. Daga PostgreSQL 15 na 2022, rumbun kan tuna lambar ƙa'idar da aka gina shi da ita, ya yi gargaɗi in ta canza. Amma gargaɗin da Turanci yake fitowa, kuma mu dai mun san yadda ake tsallake irin waɗannan.

A ganina shi ya sa bai kamata a yi wa Debian tsiyar cewa kayanta tsofaffi ne ba. Cikin fitowa guda, ba ta ɗaga glibc ko ICU zuwa sabuwar babbar lamba. Gyaran ɓarakar tsaro da manyan kurakurai kawai take ɗaukowa ta liƙa wa tsohon. Don haka sabuntawar yau da kullum, a yi ta ba fargaba, barinta ma shi ne haɗari. Ranar tsallakawa daga 12 zuwa 13 ce ke son shiri: a kwafi bayanan a ajiye gefe, a gwada a wata kwamfutar, kuma kada a sa ta a makon rabon taki.