Ko Kun Sani?

Ɗan tsakon da ya takure a lungun akurki, gashinsa ya tashi, fukafukai a sake, yana gyangyaɗi da rana tsaka, a duba kashinsa tukuna. In akwai jini ko majina a ciki, galibi cutar koksidiyosis ce, wadda wata ƙwayar cuta mai suna Eimeria ke haddasawa a hanji. Ta fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6.

Ƙwan cutar yana fita ne a kashi, amma ba ya iya kama wani tsako sai ya kwana 1 ko 2 a wuri mai laima da ɗumi. Shi ya sa take ƙamari da damina, musamman inda ruwan sha ke zuba yana jiƙa ɓuntu. Share kashi kullum ya fi magani araha.

Ana ware mara lafiyar a wuri mai ɗumi, a zuba maganin amprolium a ruwan sha na kwana 5 zuwa 7. Abin da masu kiwo da yawa ke mantawa: maganin yana hana ƙwayar cutar samun bitamin B1 ne, don haka kada a haɗa shi da garin bitamin sai an gama.