RUMBUN KO-TA-KWANA: YADDA AKE KARE BAYANAI DAGA SALWANTA

Gabatarwa

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa ba a zuba amfanin shekara duka a rumbu ɗaya. Akwai rumbun da ake ɗiba kullum, akwai kuma rumbun tsimi wanda ba a taɓa shi sai damina ta yi nisa ko an shiga shekarar fari. A wannan zamani an sami wani sabon rumbu wanda ba gero ko dawa ake zubawa a cikinsa ba. Shi ne rumbun bayanai, watau tarin rubuce-rubucen da ake tsarawa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa yadda za a iya nemo kowane ɗaya cikin ƙiftawar ido.

Mazaunin arewacin birnin Kaduna yana cuɗanya da irin waɗannan rumbuna ko da bai sani ba. Hukumar KADGIS da ke kan titin Ali Akilu tana ajiye bayanan filaye da gidaje a kwamfuta. Bankunan da ke jere a titin Ahmadu Bello da na Yakubu Gowon sun dogara ne da rumbun bayanai wajen sanin abin da ke asusun kowa. Tun 2015 kuma duk ɗalibin da zai zauna jarrabawar JAMB a kwamfuta yake rubuta ta. Idan irin wannan rumbu ya tsaya, aiki ya tsaya. Idan ya salwanta, takardar filin wani ko ajiyarsa ko sakamakon jarrabawarsa na iya bin ruwa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake kauce wa haka, da irin horon da mai kula da rumbu yake bukata.

Abubuwan da ke barazana ga rumbu

Na'ura tana iya lalacewa don tsufa ko zafi. Wuta tana iya ɗaukewa: a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan da aka lalata layin lantarki na Shiroro zuwa Mando, sannan ɗaya layin da ya rage shi ma ya sami matsala. Ruwa ma barazana ne, domin Kogin Kaduna ya cika ya tumbatsa a 2003 da 2012, ya shiga unguwannin da ke bakinsa. Hanyar sadarwa tana iya yankewa, kamar yadda ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna suka rikice a Nijeriya. Sai kuma gobara, da ɓarayin intanet, da kuskuren ɗan Adam.

Masana suna auna ingancin rumbu da yawan lokacin da yake aiki a shekara. Wanda ke aiki kashi 99.9 cikin ɗari yana iya tsayawa na kimanin awa 8 da minti 46 a shekara. Wanda ke aiki kashi 99.99 kuwa bai wuce ya tsaya na minti 53 ba. Ba a cimma irin wannan matsayi da rumbu ɗaya tilo.

Mene ne rumbun ko-ta-kwana?

Hanya mafi daɗewa ita ce ɗaukar kwafin bayanai lokaci-lokaci, misali kowane dare, a adana shi a wani wuri. Wannan shi ne daidai da rumbun tsimi. Aibinsa biyu ne: duk abin da aka rubuta bayan ɗaukar kwafin ba ya ciki, kuma mayar da shi cikin na'ura yana iya cin sa'o'i masu yawa.

Rumbun ko-ta-kwana ya bambanta da wannan. Shi rumbu ne na biyu, a kan wata na'ura dabam, wanda yake a kunne dare da rana yana bin sawun babban rumbu. A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wanda duk cinikin da ya yi sai ya rubuta a littafi, ya kuma aika wa ƙanensa da ke Zariya ya rubuta daidai da haka a nasa littafin. Ko da littafin Kaduna ya ƙone, na Zariya yana nan, kuma ana iya ci gaba da lissafi daga inda aka tsaya.

Haka rumbun bayanai yake yi. Kafin ya aiwatar da kowane canji, sai ya fara rubuta shi a wani kundi na musamman, kundin canje-canje. Abin da ke shiga wannan kundi shi ake turawa ta waya zuwa rumbu na biyu, shi kuma ya aiwatar da canje-canjen bi da bi. Kamfanin Oracle ya shigo da wannan tsari cikin manhajarsa tun wajen tsakiyar shekarun 1990, kuma ana sanin sa a yau da sunan Data Guard. Manhajar PostgreSQL, wadda kyauta ce, ta sami irinsa a 2010.

Hanyoyin turawa iri biyu ne. A ta farko, babban rumbu ba ya cewa ciniki ya kammala sai rumbu na biyu ya tabbatar da cewa saƙon ya iso. Da wannan ba a asarar komai, amma akwai jira. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, saboda haka zuwa da dawowa tsakanin Kaduna da Abuja yana cin aƙalla kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa, zuwa Legas kuwa ya ninka haka kamar sau huɗu. Wannan jira ƙanƙane ne, amma idan ana dubban cinikayya a jere sai ya taru ya yi nauyi. A hanya ta biyu, babban rumbu yana ci gaba da aiki ba tare da jiran amsa ba. Ta fi sauri, sai dai idan masifa ta auku ana iya rasa cinikin 'yan daƙiƙoƙin ƙarshe.

Darasi daga jikin ɗan Adam

Ɗalibin ilmin halittu ya san cewa mutum yana da ƙoda biyu, kuma yana iya rayuwa lafiya da guda ɗaya. Amma da yake jini ɗaya ke ratsa su, ciwon sukari da hawan jini sukan lalata su tare. Haka nan rumbuna biyu da ke gini ɗaya, suna shan wuta daga layi ɗaya, gobara ɗaya ta isa ta cinye su. Ranar 10 ga Maris, 2021, wuta ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg ta ƙasar Faransa, ta ƙone ɗaya daga gine-ginenta huɗu ƙurmus. Miliyoyin shafukan intanet suka tsaya, kuma wasu masu hulɗa da kamfanin sun rasa bayanansu har abada domin kwafinsu yana wuri ɗaya da na asali. Don haka ne ake kai rumbu na biyu wani gari mai nisa. A Nijeriya, kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone, wanda babbar cibiyarsa ke Abuja, ya buɗe wata cibiyar a Kano a 2023.

Akwai darasi na biyu. Idan kuskure ya shiga ƙwayar gado ba a gyara ba, duk lokacin da tantanin halitta ya rabu sai ya kwafe kuskuren daidai wa daida. Rumbun ko-ta-kwana ma haka yake: idan ma'aikaci ya goge sunayen ɗalibai dubu bisa kuskure, cikin daƙiƙa guda rumbu na biyu ma zai goge su. Saboda haka samun sa ba ya hana ajiye kwafin tsimi. Wasu ma'aikatu sukan sa rumbu na uku ya riƙa jinkirta aiwatar da canji na awa ɗaya ko fiye, domin a sami damar tare kuskure kafin ya iso.

Horon mai kula da rumbu

Abu na farko da ake koya wa mai wannan aiki shi ne ya zauna da shugabannin ma'aikata a amsa tambayoyi biyu: bayanan minti nawa za a iya jure rasawa, kuma tsayawar minti nawa za a iya jurewa? Amsar banki dabam take da ta ɗakin karatu, kuma a kan amsar ake zaɓar tsari da kuɗin da za a kashe.

Na biyu shi ne sa ido kullum a kan tazarar da ke tsakanin rumbunan biyu. Rumbun da ya daina karɓar saƙo tun makon jiya ba tare da kowa ya lura ba, ba shi da amfani ranar da aka neme shi.

Na uku shi ne miƙa ragama. Akwai wadda ake yi da shiri, inda rumbunan biyu suke musayar matsayi don a yi wa na farko gyara, akwai kuma ta gaggawa, inda na biyu yake karɓar aiki bayan na farko ya mutu. Babban haɗari a nan shi ne waya ce kawai ta yanke, na farko yana nan da rai, sai kowane rumbu ya ɗauka shi ne babba, ya riƙa karɓar ciniki. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Maganin wannan shi ne a ajiye na'ura ta uku a matsayin shaida, wadda za ta tabbatar da wanda ke riƙe da ragama.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne atisaye. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara rumbun ko-ta-kwana cikin dare, sai ya ba da umarnin gogewa a kan babban rumbu yana zaton na biyu ne. Kimanin gigabait 300 suka tafi. Da aka waiwayi hanyoyin ajiyar kwafi, sai aka tarar mafi yawansu ba sa aiki, ba tare da an sani ba. Aka koma ga wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan, abin da aka rubuta cikin waɗannan sa'o'i kuwa ya salwanta. Kamfanin da kansa ya wallafa cikakken bayanin abin da ya faru domin wasu su ɗauki darasi. Darasin kuwa shi ne, kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ba a san ko kwafi ba ne.

Kammalawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatar da ta sayi na'urori masu tsada amma ba ta horar da masu kula da su ba, ba ta kuma sa su gwada miƙa ragama a kai a kai da rubutaccen tsari a hannu, tana zaune ne cikin haɗari. Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni zai iya karanta kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko a Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004. Amma ba sai an jira zuwa can ba. Malamin sakandare mai tsofaffin kwamfutoci biyu da waya ɗaya yana iya ɗora musu PostgreSQL, ya sa ɗalibai su shigar da rajistar ajinsu a ta farko, sannan a zare mata wuta a gaban kowa, a auna da agogo minti nawa za a ɗauka kafin ta biyu ta karɓi aiki, a kuma ƙirga sunaye a ga ko akwai wanda ya ɓace.