Rigimar gona da burtali a Dakoro: ina ake kai ƙara?

Manoma da makiyaya, ku saurara. Kowace kaka, kamin a saki gonaki, rigima na tashi a ƙasar Dakoro: shanu sun shiga hatsi, ko wani ya nome burtali. A kwarin Tarka abin ya fi tsanani. Nan ne iyakar da dokar 1961 ta sa wa noma, amma gonaki sun daɗe da ƙetare ta. Ba mu manta da Toda ba, inda mutum fiye da 100 suka mutu a 1991.

Dokar karkara ta 1993 ta ce a fara daga gida. Mai ƙara ya je wurin maigari ko hardo. In abin ya faskara, sai wurin sarki, kamar na Kornaka ko na Birnin Lalle. Aikinsu sulhu ne. In an shirya, a rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Ku adana ta, kar gara ta ci! In ba a shirya ba ma akwai takarda, ita ake kai wa alƙali a Dakoro.

To, in da hukuma kake rigima fa? Misali, perefe ya ba wani takardar filin da kuke kiwo. Wannan ya wuce sarki. Ka fara rubuta wa perefen, ko na gaba da shi, a sake duba maganar. In ya ƙi, ko ya yi shiru, akwai babbar kotu a Yamai mai shari'a tsakanin talaka da hukuma. Tana da ikon soke takardar perefe. Sai dai akwai wa'adi: in ya wuce, ba a karɓar ƙara.