Lasisin Windows A Sabuwar Kwamfuta: Inda Matsala Ke Fitowa Da Yadda Ake Magance Ta

Daga cikin koke-koken da masu sayen kwamfuta suka fi kaiwa wurin masu gyara a manyan garuruwan Nijeriya, akwai na wani ɗan rubutu da ke bayyana a kusurwar dama ta ƙasan allo, yana umartar mai kwamfuta da ya tabbatar da lasisin Windows. Wani yakan ga rubutun tun ranar da ya buɗe kwali, wani kuwa sai bayan wata shida, lokacin da ya riga ya jefar da rasit. Galibi akan ɗauka na'urar ce ta sami matsala. Amma sau da yawa lafiyarta lau, abin da ya sami tangarɗa shi ne cinikin da aka ƙulla a kanti, domin kwamfuta kaya ce daban, izinin amfani da manhajar da ke tafiyar da ita kuma kaya ne daban, kowanne da kuɗinsa.

Asalin tsarin

Kamfanin Microsoft ya shigo da tsarin tabbatar da lasisi ga jama'a ne tare da Windows XP a shekarar 2001. Kafin wannan lokaci, faifai ɗaya da lamba ɗaya sukan wadatar da kwamfutoci iya yawan da mutum ya ga dama. Daga XP aka wajabta wa kowace na'ura ta gabatar da lambarta ga kamfanin cikin kwana 30, ta intanet ko ta tarho, domin a ɗaure lambar da wannan na'ura. Lambar lasisin ta ƙunshi haruffa da alƙaluma 25, a rukuni biyar, kowane rukuni guda biyar.

A da akan buga lambar a wata 'yar takarda a manna ta a ƙarƙashin kwamfuta. Tun daga Windows 8 a shekarar 2012, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta suka koma saka lambar a cikin ƙwaƙwalwar babban allon na'ura, wanda masu gyara ke kira modabod. Saboda haka rashin ganin lamba a jikin sabuwar kwamfuta ba alamar zamba ba ce. Da Windows 10 ta fito ran 29 ga watan Yulin 2015, sai aka ƙara abin da ake kira lasisin dijital, watau kamfanin kan ajiye shaidar na'urar a wurinsa, ta yadda ko an goge komai an sake ɗora manhajar, da zarar an shiga intanet za ta gane kanta ba tare da an buga wata lamba ba. Wannan tsari ne Windows 11 ta gada tun fitowarta a watan Oktoban 2021.

Lasisi iri uku

Mabuɗin fahimtar matsalar shi ne sanin cewa lasisin iri uku ne, kuma ƙa'idarsu ba ɗaya ba ce.

Na farko shi ne wanda kamfanin ƙera kwamfuta, kamar HP ko Dell ko Lenovo, ya saya ya saka a masana'anta, ana kiransa OEM. Kuɗinsa na cikin farashin na'ura, kuma tare da ita yake rayuwa, tare suke mutuwa, ba a mayar da shi kan wata.

Na biyu shi ne wanda mutum ya saya da kansa daga Microsoft ko wakilinsa. Ya fi tsada, amma mai shi na iya ɗauke shi daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa, muddin a kan na'ura ɗaya kaɗai yake aiki a lokaci guda.

Na uku shi ne lasisin sari, wanda ake sayar wa bankuna da jami'o'i da ma'aikatu masu ɗimbin kwamfutoci. Shi ma kashi biyu ne. Akwai MAK, lamba guda da aka ƙayyade yawan na'urorin da za ta ɗauka. Akwai kuma KMS, inda ma'aikatar ke da tata babbar kwamfuta da ke sabunta wa sauran izini. Izinin KMS na kwana 180 ne kacal, kuma in na'ura ta daina samun waccan babbar kwamfuta, wa'adin na cika sai lasisin ya faɗi. Wannan shi ne sirrin kwamfutar da ke aiki lafiya wata shida sannan ta fara gargaɗin cewa lasisinta ya kusa ƙarewa. Ƙa'idar kamfanin ba ta yarda a sayar wa ɗaiɗaikun mutane lasisin sari ba.

Abin da ke jawo haka a kasuwa

Dalilin yawaitar matsalar na tattalin arziki ne. A shekarar 2024 farashin Windows 11 Home a shagon Microsoft dala 139 ne, na Pro kuwa kusan dala 200. A wannan shekara dala ta haura Naira 1,500, bayan da gwamnati ta saki farashin musaya a watan Yunin 2023. Ke nan lasisin Home kaɗai ya zarce Naira 200,000, kimanin albashin wata uku ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024.

Don rage farashi, kamfanonin ƙera kwamfuta kan fitar da wasu na'urori ba tare da Windows ba, sai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna FreeDOS. Wannan halas ne, kuma a rubuce yake a jikin kwali. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da aka ɗora wa irin wannan na'ura Windows a kanti, aka kunna ta da lambar sari ko da manhajar yaudara, aka miƙa wa mai saye a matsayin mai cikakken lasisi. Haka kuma kwamfutocin tokumbo da yawa daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasunsu ɗauke da lasisin ma'aikatar da ta sallame su. Binciken da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutoci a Nijeriya a 2017 ba su da lasisi, alhali a duniya baki ɗaya kashi 37 ne.

Matakan bincike

Ba kowace matsala ce ke nufin an cuci mai saye ba, don haka ya kyautu a fara da abubuwa masu sauƙi. A tabbata kwamfutar na kan intanet mai ƙarfi, kuma kwanan wata da agogonta daidai suke, domin kuskuren lokaci kaɗai na iya hana ta ganawa da kamfanin, inda takan nuna lambar kuskure 0x80072F8F. Daga nan a shiga sashen Settings, a zaɓi System, sannan Activation. A Windows 10 kuwa ta Update & Security ake bi. A nan za a ga nau'in manhajar da matsayin lasisinta, da maɓallin Troubleshoot wanda ke warware ƙananan matsaloli da kansa.

Abu na biyu shi ne nau'in manhajar. Lambar Home ba ta buɗe Pro, ta Pro ma ba ta buɗe Home. Yakan faru kwamfuta ta zo da sahihin lasisin Home a cikinta, mai kanti ya goge ya ɗora Pro don ya burge mai saye, sai lasisin gaskiya ya zama ba shi da amfani. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a kwashe muhimman takardu, a sake ɗora Home, na'urar za ta karanta lambarta da kanta. Wanda kuma aikinsa ke bukatar Pro, sai ya biya kuɗin ƙarin matsayi, wanda a 2024 dala 99 ne.

In lamba aka ba mutum a takarda ya buga da hannu, to ya lura da haruffan da ke kama da juna, musamman B da 8, da kuma G da 6. Babu harafin O ko I a lambar lasisi, haka nan babu sifili ko 1.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne gano irin lasisin da ke kan na'urar. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta slmgr /dli a ɗan akwatin da ya fito. Bayan daƙiƙu kaɗan za a ga bayani. In an ga OEM ko RETAIL, alama ce mai kyau. In kuwa VOLUME aka gani, tare da KMSCLIENT ko MAK, alhali mutum ba daga ma'aikatarsa ya karɓi kwamfutar ba, to lasisin ba nasa ba ne. Sa'an nan a rubuta slmgr /xpr. Sahihin lasisi zai nuna cewa an tabbatar da na'urar dindindin, na KMS kuwa zai nuna ranar ƙarewa.

Lambobin kuskure ma suna da fassara. Lambar 0xC004F074 na nufin na'urar na neman babbar kwamfutar KMS ba ta samu ba. 0xC004C003 na nuna cewa kamfanin ya toshe lambar ko bai amince da ita ba. 0xC004C008 na nufin an riga an yi amfani da lambar a wata na'ura, ko an wuce adadin da aka yarje mata. 0xC004F050 kan fito in lambar ba daidai take ba ko ba ta dace da nau'in manhajar ba. 0x803F7001 da 0xC004F213 kuwa na cewa ba a sami lasisi a kan na'urar ba sam.

Akwai kuma 0xC004F211, wadda ke biyo bayan sauya modabod, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da hawa da saukar wutar lantarki ke ƙona na'urori. A idon kamfanin, sabon modabod tamkar sabuwar kwamfuta ce. Wanda ya riga ya haɗa lasisinsa da asusun Microsoft na iya shiga Troubleshoot ya bayyana cewa ya sauya kayan na'ura, a maido masa. In kuma a ƙarƙashin garanti aka yi sauyin, kamfanin da ya ƙera na'urar ne ya dace a tuntuɓa. Ya kamata kuma a sani cewa tun watan Satumban 2023 kamfanin ya rufe ƙofar kunna Windows 10 da 11 da tsoffin lambobin Windows 7 da 8.

Haɗarin gajeriyar hanya

Windows da ba a tabbatar da lasisinta ba ba ta daina aiki. Rubutun gargaɗi zai zauna a allo, za a kuma hana sauya hoton bango da launuka, amma takardun mutum na nan daram. Saboda haka babu dalilin gaggawar miƙa na'ura ga wanda zai "buɗe" ta da 'yan dubbai.

Manhajojin buɗewar kan kwaikwayi babbar kwamfutar KMS ne a cikin na'ura, kuma kafin a ɗora su sai an kashe manhajar tsaro. A watan Disamban 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya ba da rahoton cewa ana cusa wata manhajar sata mai suna Cryptbot a cikin jabun KMSPico, tana kwashe kalmomin sirri da bayanan katin banki da aka ajiye a burauza. Ga ɗan kasuwar da ke shiga asusun bankinsa ta kwamfuta, ko mai shagon buga takardu da ke riƙe da takardun jama'a, asarar na iya ninka kuɗin lasisi sau da yawa. Lambobin araha da ake tallatawa a intanet su ma akasari na sari ne da aka sayar wa mutane da yawa, ranar da kamfanin ya toshe su kowa ya tashi a tutar babu. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sanya manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudarar mai saye game da siffar kaya, ta kuma ba shi damar kai ƙara. Sai dai ƙarar ba ta da ƙarfi in babu shaida a rubuce.

Kafin a biya kuɗi

Ko a Computer Village ta Ikeja mutum zai yi sayayya, ko a Banex ta Abuja, ko a Farm Centre ta Kano, binciken da aka zayyana bai wuce minti biyar ba, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai hana a yi shi a gabansa ba. A karanta jikin kwali a ga ko da Windows na'urar ta baro masana'anta ko da FreeDOS. A kunna ta a kan intanet, a gwada umarnin nan biyu. A nemi mai kanti ya rubuta a rasit nau'in Windows da irin lasisinta tare da lambar na'urar. Da an isa gida kuma a haɗa lasisin da asusun Microsoft.

Mai sayen tokumbo ya ƙara da tambayar ko na'urar na ɗaukar Windows 11, wadda ke bukatar kayan tsaro na TPM 2.0, domin Microsoft ya dakatar da tallafin yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga watan Oktoban 2025. Makarantu da cibiyoyin jarrabawa masu sayen na'urori da yawa kuwa, gara su sanya sharaɗin lasisi a takardar kwangila tun farko. Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai manhajojin Linux irin su Ubuntu, waɗanda kyauta ne bisa doka, kuma sun wadatar wajen rubutu da lissafi da shiga intanet.